Waken Da Ya Ƙi Yin Yaushi

Jama'a, yau ba dariya na kawo muku ba. Masu turo mini saƙo kullum suna cewa "ke kam kin dace, Allah ya ba mu irin naki," ku ɗan riƙe addu'ar nan a baki har ku kai ƙarshen shafi. A ƙasa nake zaune a ɗakin Umma ina wannan rubutun, na jingina da ƙafar gado, wayar tana jone da caji, idanuna sun kumbura har ƙanwata ta leƙo ta tambaye ni ko wani abu ne ya cije ni.

Ga wanda yau ne shigowarsa ta farko, bari in taƙaita masa. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na jami'a, ina karanta kimiyyar shuka. Akwai wanda yake sona tun ina aji ɗaya, lokacin da ko hanyar ɗakin lakca ban gama sani ba. Gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki ne sana'arsa, shi ya sa na sa masa Mai Sanyi a wayata, sunan kuma ya zauna masa daram, don ban taɓa ganin ɗan Adam mai sanyin hali irinsa ba. Shi kuma Farfesa yake ce mini. Ko a gaban mutane haka yake kirana, yana wani ɗaga kafaɗa kamar shi ya ba ni kujerar.

Abin da ya tsaya tsakaninmu abu ɗaya ne: rantsuwar Abba. Yayata ta bar makaranta tana aji biyu ta yi aure, da alkawarin za ta koma bayan biki. Yau 'ya'yanta uku, ko ƙofar makarantar ba ta sake gani ba. Tun daga nan Abba ya kafe. "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "takarda a hannu tukuna. Ranar da kika ajiye mini ita a nan gabana, ya turo iyayensa ko da yamma ne. Kafin nan ba na son jin komai." Mai Sanyi ya ce ya ji ya gani. Ƙannensa biyu suka yi aure suka bar shi, mahaifiyarsa ta yi faɗan har ta gaji, shi dai amsarsa ɗaya ce: bana za ta gama.

To kun ga bana ɗin nan a kaina take zaune. Umma in ta kira, kafin ta tambayi lafiyata sai ta tambayi saura wata nawa. Yaya ta mayar da wayata shagon labule, kullum sai ta turo hoto: wannan mai ruwan zuma ko wancan mai ruwan toka? Abba kuwa ya gama shaida wa abokansa cewa 'yarsa ta kusa sa hular nan mai faɗi da igiya. Kowa ya ɗora mini nasa kayan ya tafi, babu wanda ya tambaya ko wuyan zai ɗauka.

Sai kuma firojek, wato binciken da kowane ɗan ajin ƙarshe zai yi kafin a sallame shi. Malamar da take duba nawa, Dokta muke ce mata a gabanta, a bayan idonta kuwa A-Sake, domin ba a taɓa kai mata takarda ta duba ba ta ce a sake ba. Ranar farko ta buɗe durowa ta miƙo mini irin wake a 'yar leda, bai cika tafin hannu ba.

"Wannan ne kaɗai ya rage mini," ta ce, tana kallona ta saman tabarau. "In kika yi wasa da shi, sai baɗi in an girbe wani. Kin ji ni da kyau?"

Na ce na ji.

Ku bi ni a hankali a nan, don duk abin da ya same ni daga nan ya taso. So ake a gane ko waken yana jure ƙarancin ruwa. Na shuka shi a robobi a cikin ɗakin raga na sashenmu, wani dogon ɗaki mai rufin roba wanda ruwan sama ba ya shiga. Rabin robobin na ɗaura musu shuɗin ƙyalle, su ake ba wa ruwa su ƙoshi. Ɗaya rabin jan ƙyalle, su kuma da gangan ake barinsu da ƙishi, ɗan kaɗan ake ɗiga musu don kar su mutu. Kullum bayan lakcar safe sai na je na ɗora kowace roba a sikeli in ga nauyinta, in auna ganye, in rubuta. In masu jan ba su wahala ba, babu bincike. Famfon wajen kuma ya daɗe da mutuwa, sai na je can bayan ɗakin gwaje-gwaje na ciko jarka na rungumo ta, ina tafe ina hutawa, farar rigata ta aiki ta jiƙe har gwiwa.

Ga lakca, ga gwaji, ga jarka. Abincina ya koma shayi da biskit. In na kwanta, maimakon barci sai lambobi su hau yawo a kaina. Gashina ya fara bin mataji. Na koyi yin kuka a banɗaki, in buɗe famfo don kar a ji, in wanke fuska in sa kwalli in fito kamar ba ni ba. 'Yar ɗakinmu, wadda muke kira Rediyo don bakinta ba ya hutawa sai in barci ya ɗauke ta, takan tsaya a kaina da faranti ta ce, "Ke, ke ce kike rainon waken nan ko shi yake cinye ki? Tashi ki ci abinci." In ce mata bari in gama wannan shafin.

Rannan muna tsaka da lakca cikina ya murɗa, na ga allo ya rabu biyu. Ban farka ba sai a asibitin makaranta, da ƙarin ruwa a hannuna. Likita ya ce olsa ce, sai na ɗan kwana biyu a wajensu. Rediyo ce ta kira Mai Sanyi. Ya shigo da shuɗiyar rigar aikinsa, baƙin mai a gwiwar hannu, ko hular kwano bai tuna ya cire ba.

"Farfesa, haka za ki yi mini?"

Ni kuwa ko kallon kirki ban yi masa ba, agogon bango nake kallo. "Wakena," na ce. "Ba a ba shi ruwan yau ba." Rediyo tana da gwaji da yamma, ba za ta iya ba. Na laluba jaka na ciro makullin ɗakin raga na danƙa masa. "Masu shuɗin ƙyalle kofi cike. Masu ja, iya zanen da na yi a gindin kofin."

"To. Amma me ya sa masu jan..."

"Kai dai yi yadda na ce. Ba za ka gane ba."

Ba ranar na fara faɗa masa haka ba. Duk sanda ya tambaye ni wani abu game da karatuna, ita ce ke fitowa. Ba raini ba ne wallahi, gajiya ce, ba ni da ƙarfin bayani. Shi kuma sai ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, mu namu ƙarfe ne." Ban taɓa tsayawa na duba abin da ke bayan murmushin ba.

Da aka sallame ni ya dawo mini da makullina, ya haɗo da ledar magani da madara, ya sa na yi masa alkawarin ba zan sake wuni da yunwa ba. Na koma bakin aiki. Sati bai zagayo ba abubuwa suka fara rikicewa.

Robar da na bari jiya ba nauyi, yau in ɗora ta a sikeli in ga ta ƙaru. Saman ƙasar a bushe, don zafin ɗakin ba ya barin danshi ya kai rana, amma in na tura yatsa sai in ji laima. Masu jan ƙyallen da suka fara langaɓewa suka miƙe, ganye ya yi kore shar, har suna neman wuce masu shuɗin. Na ce sikeli ne, na aro wani, duk ɗaya. Na ce rufi ne yake yoyo, na hau kujera na duba, alhali ko hadari ba a haɗa ba. Na rage musu ruwa. Na daina ba su gaba ɗaya. Ko a jikinsu.

Akwai wani ɗan ajinmu da ke da tumatir a ɗaya gefen ɗakin, shi ma yana da makulli. Na tare shi a gaban mutane na ce shi ne yake yi mini zagon ƙasa. Bawan Allah ya yi ta rantsuwa, daga ranar ya daina gaishe ni. Sai ga Dokta ta shigo zagaye, ta tsaya a tsakiyar ɗakin ta riƙe ƙugu.

"Ina masu ƙishin?"

Na nuna mata.

"Waɗannan? Ko dai ke ce kike jin tausayinsu kina ba su ruwa a ɓoye?"

Da wasa ta faɗa ko da gaske, ban sani ba, amma maganar ta shige ni. Na fara zargin kaina. Ko ni ce nake zubawa in manta? Ni da na taɓa shiga lakca da takalmi wari da wari ban sani ba sai da aka nuna mini, me ba zan iya ba? Na tsorata da kaina ƙwarai. Rediyo ta ja ni har ofishin matar da ke ba ɗalibai shawara, wata mai taushin murya da fulawar roba a kan tebur. Ta ce in riƙa barci, in riƙa cin abinci a kan lokaci, in riƙa ɗan tattaki da yamma ina jan numfashi. Ta ce abin da ya fi duka, in samu mutum ɗaya da na yarda da shi in riƙa juye masa abin da ke cikina. Na yi tattakin, na ja numfashin. Na ƙarshen ne ban yi ba.

Ta yaya zan faɗa wa Mai Sanyi? Mutumin da ya jingina rayuwarsa duka a kan bana? Mahaifiyarsa ta riga ta fara yi masa zancen 'yar ƙawarta. In na ce masa akwai alamar zan ƙara shekara, da wane ido zai shiga gidansu? Sai na rufe. Ga irin hirarmu a lokacin, yanzu ma na sake buɗe ta ina kallo:

"Farfesa barka da rana. Ya jiki? Ya wake?"

"Lafiya lau."

"Suna kyau ko? Duka?"

"Eh. Sun yi kore."

"Alhamdulillahi. Haka nake son ji." Da 'yar fuskar nan mai dariya a jere.

Na jefar da wayar kan katifa na ce a raina, kai dai ba ka da damuwa a duniya.

Ranar da na ce sai na ga ƙarshen abin, ina idar da sallar asuba na zura hijabi a kan rigar barci, na sa silifas na fita. Gari ya fara haske, masu shara ma ba su fito ba. Na samu wani tsohon benci a bayan tankin da ya fashe na zauna, inda nake hango ƙofar ɗakin raga. Bakina cike da abin da zan faɗa wa mai tumatir in na kama shi.

Sai na ji ƙarar babur. Na san ƙarar nan, ko cikin babura ɗari zan ware ta: babur ɗin Mai Sanyi ne.

Ya faka a bakin ƙofa. Jarka biyu ɗaure a baya da igiyar roba, ƙafar wandonsa a naɗe, rigar aikin nan dai. Ya sauke su, ya ciro makulli daga aljihun gaba ya buɗe kwaɗon kamar ɗakinsa. Na tashi na bi bayansa. Ta cikin raga na hango shi ya durƙusa a gaban layin masu jan ƙyalle, yana cika kofi yana zubawa a hankali a gindin kowanne don kar ƙasa ta tarwatse. Har magana yake yi musu.

"Ku sha, ku sha. Kar wanda ya ba Farfesa kunya. Kai ƙaramin nan, jiya ma kai ne ka yi mini yaushi."

"Me kake yi?"

Ya zabura har ruwan ya zube masa a ƙafa. Da ya ga ni ce sai ya fashe da dariya yana sosa ƙeya. "Kash! Kin ɓata mini shiri. So na yi sai ranar da kika karɓo takarda in ba ki labari."

"Na ce me kake yi?"

"Tun ranar da kike asibiti ne," ya ce, fuskarsa cike da murna. "Na zo na ga waɗannan sun kusa mutuwa. Na duba nisan famfo, na ɗaga jarkarki na ji nauyi, sai na gano bakin zaren. Na ce yarinyar nan ƙarfinta ne bai kai ba, rabi take iya ƙosarwa, rabi tana ɗan yayyafa musu, kuma ba za ta taɓa faɗa ba. Shi ne na yanko makulli kafin in dawo miki da naki. Kullum kafin in buɗe shago nake biyowa. Kin ga yadda suka murmure? Har fure wasu suka fara."

Jama'a, na so a ce kuka na yi. Da kuka na yi, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma duk abin da na haɗiye tun farkon shekara, na Umma, na Yaya, na Dokta, na banɗaki, shi ya taso mini gaba ɗaya, kuma shi kaɗai ne a gabana.

"Wa ya aike ka? Wa ya ce ka taimake ni? Da gangan nake barinsu da ƙishi! Binciken ke nan! Ka kashe mini aiki, ka kashe mini shekara, ka sa na zargi bawan Allah, ka sa na ɗauka hauka nake yi!"

Dariyar ta bushe a fuskarsa. Ya kalli kofin hannunsa, ya kalli layin waken. "Da gangan?" ya ce a hankali. "Ai... ai na tambaye ki ranar."

"In zauna in koyar da kai? Abin da ɗan aji ɗaya ya sani? Wannan ita ce illar mutum ya haɗa rayuwarsa da wanda bai je ko'ina ba. Ka tsaya a kan firij ɗinka mana, nan ne iyakar kanka!"

Na ji fitarta da kunnena. Ko kafin in rufe baki na san na yi ɓarin da ba zai kwasu ba. Amma zuciya tana kaina, ban janye ba, tsayawa na yi ina huci.

Kofin yana da sauran ruwa, ya rasa inda zai kai shi, sai ya mayar cikin jarka a hankali ya rufe. Ya warware ƙafar wandonsa. Ya ajiye makullin a kan sikeli. Sannan ya kira ni da sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinsa tun farkon haɗuwarmu.

"Gaskiya kika faɗa. Ki yi haƙuri."

Ya ɗauki jarkokinsa ya fita. Bai tayar da babur ɗin a nan ba, turawa ya yi har ya sha kwana.

Da na koma ɗaki na ba Rediyo labari, karon farko ke nan da na ga bakinta ya mutu. Can ta nisa ta ce, "To yanzu ki saurare ni. Wa ya sani? Daga ke sai shi sai ni. Ki zauna ki rubuta lambobin da ya kamata su fito, ba kanki farau ba. Ki bar su da ƙishi daga yau, kafin A-Sake ta kuma zagayowa sun langaɓe. Ki karɓi takardarki, ki je ki ba mutumin nan haƙuri da ita a hannu."

Ba zan yi muku ƙarya in ce ban so ba. Na buɗe kwamfuta, na cike layi biyu da lambobin da na ƙago, kuma sun yi kyau abinsu. Sai na tuna Dokta za ta ɗauki sakamakon ta ce irin nan yana jure fari, wani ya je ya shuka gonarsa a kan ƙaryata. Na goge. Ina gogewa ina zagin kaina, don na san abin da nake gogewa.

Washegari na sa baƙar doguwar rigata da mayafi ruwan toka na tafi ofishin Dokta. Na faɗa mata komai, ban da abin da bakina ya furta. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Kullum? Da jarka?"

"Kullum, Dokta."

"Kuma ba ki taɓa gaya masa abin da kike yi a ɗakin ba?"

Na sunkuyar da kai.

"Zancen makulli zan rufe shi a nan, ba zai fita ba. Amma iri babu, kin sani. Wanda zai fito daga robobin nan ma kafin ya nuna ya bushe an rufe karɓar aiki."

"Dokta, ko wani aikin ne ki canza mini. Ko mene ne zan yi."

"Lokaci ya ƙure." Ta mayar da tabaranta. "Sai an sake. Baɗi." A hankali ta faɗa, ba yadda ta saba ba, kuma hakan ya fi yi mini ciwo.

Na fito na zauna a matakala na ciro waya. Saƙon Yaya na fara tararwa, hoton wani labule mai fulawa da tambayar ko ya yi. Na wuce shi. Na shiga wajen Mai Sanyi na rubuta, na goge, na sake rubutawa. "Don Allah ka ɗaga waya." Ya shiga, ya buɗe, shiru. "Ban san abin da ya hau kaina ba." Shiru. Na yi saƙon murya ina kuka har numfashina yana sarƙewa, na ga alamar ya saurara. Sai da yamma amsa ta zo, layi ɗaya: "Ba komai. Ki riƙa shan maganinki." Babu Farfesa, babu fuskar dariya.

Na nemi mai tumatir na ba shi haƙuri a gaban mutanen da na ci mutuncinsa a gabansu, ya ce ya wuce. Na je shagon su Mai Sanyi. Abokin aikinsa yana durƙushe a bayan wani firij, ya leƙo ya ce ya fita aikin waje. Na ce yaushe zai dawo, ya ce bai faɗa ba, ya mayar da kansa bayan firij ɗin tun ban gama magana ba. Na daɗe a tsaye a bakin shagon ina gyara mayafin da babu abin da ya same shi, sannan na juya.

Saura gida. Duk hanya a mota ina haɗa yadda zan faɗa wa Abba cewa hular da ya gama yi wa shela sai baɗi. Na shirya wa faɗa, na shirya wa shirun nan nasa da ya fi faɗa zafi. Amma ina yin sallama Umma ta taso ta karɓi jakata, abin da ba ta taɓa yi ba, ta riƙe fuskata tana cewa, "Dubi yadda kika koma. Ashe haka kike fama ba ki faɗa ba?" Nan na sha jinin jikina.

Abba yana falo zaune a kan darduma da farar jallabiya, talabijin a kashe. Na durƙusa na gaishe shi. Na buɗe baki zan fara, ya ɗaga hannu.

"Na sani, Uwata. Yaron ya zo."

Na kalle shi.

"Nan ya durƙusa inda kike. Ya ce shi ya ɓata miki aiki da rashin sani, kar in ga laifinki, ke kin yi iya ƙoƙarinki har kin kwanta asibiti, abin da mu iyayenki ba mu ma da labari." Ya murza carbi. "Yana magana ina jin kunyar kaina. Na tsorata da abin da ya faru da yayarki, sai na ɗora miki kaya, shi ma na ɗora masa. Mutumin da zai riƙa ɗauko ruwa kowace safiya don karatunki ya yi kyau, ba shi ne zai hana ki karatu ba. Sai na ce masa na janye. Rantsuwata zan yi mata kaffara. Ya turo iyayensa ko gobe ne, ki ƙarasa shekararki a ɗakinki."

Wallahi sai da falon ya juya mini. Abin da na yi shekaru ina roƙo a sujada, ga shi Abba ya faɗa da bakinsa, a ranar da na dawo masa hannu wofi. Dariya da kuka suka taho mini tare. Har na fara laluben waya a jaka, na manta a gaban wa nake.

"Tsaya," in ji Abba. "Ban gama ba."

Na ɗago. Umma tana tsaye a bakin ƙofa, ta kawar da kai.

"Na zaci zai yi murna. Sai ya sunkuyar da kai ya daɗe, sannan ya ce ya gode, amma in yi haƙuri, ba zai turo ba. Na tambaye shi dalili, ya ce ba shi da abin faɗa, laifin duk nasa ne. Na juya shi ta nan, na juya shi ta can, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Yaron da ya yi duk shekarun nan yana jira bai taɓa yi mini ƙorafi ba, da hawaye ya fita daga gidan nan."

Abba ya ajiye carbin, ya matso kusa da ni, ya sassauta murya kamar yadda yake yi in zai lallashe ni ina ƙarama.

"Uwata, me kika faɗa masa?"